Awartakin Marigayi da Injin Baldomero

A garinmu na Sabinas, in kana son sanin wa ke da gida, ba takarda za ka nema ba. Ka jira ranar Lahadi ka ga wa ke riƙe da awartakin juya nama. A gidan Doña Ninfa, shekara hamsin da ɗoriya, mijinta Don Serapio ne ke riƙe da shi. Yakan tsaya gaban wani rabin duro da ya yanka da hannunsa, ya zuba gawayin itacen mezkite, ya yi ta juya nama falle-falle bai ce wa kowa uffan ba, jama'a suna naɗewa a tortiya, wainarmu mai faɗi marar kauri, suna ci a tsaye tun yana tururi. Da ya rasu, sai aka rataye awartakin a ƙusa jikin bishiyar lemon tsakar gida. Ya shekara a nan, tsatsa tana masa ta'aziyya.

'Ya'ya biyu suka haifa, duka mata, don haka kowa ya ɗauka gadon tsakanin surukai biyu yake. Evaristo, mijin ƙaramar, malamin lissafi ne. In ya gasa nama sai ka ci ka ƙoshi ka manta wa ya gasa. Baldomero, mijin babbar, Genoveva, tayoyin mota yake sayarwa, shi kuwa ba a taɓa manta gashinsa ba. Har yau akwai baƙin tabo a rufin rumfar motarsa da ke tuna wa unguwa bikin Ista na wata shekara.

Wata Lahadi, ana cin kazar kanti saboda babu mai hura wuta, Doña Ninfa ta ajiye cokali ta ce, "Ranar da zan cika tamanin, wanda ya ciyar da ni, nasa ne abin da ke rataye a bishiyar can. Ƙarfe biyu nake cin abinci. Ban taɓa ci biyu da kwata ba, kuma ba a tsufana zan koya ba."

"Mijin babba shi ne farko, Mama," in ji Baldomero tun kafin ta rufe baki.

Evaristo ya ce, "To."

Baldomero ya daɗe yana kallon mutanen Texas a wayarsa. Ya ga wani inji da ba ya cin gawayi. Garin katako ake cura masa ƙwaya-ƙwaya, a zuba a wani akwati a gefensa, a jona shi da lantarki, shi kuma ya riƙa tsakurar ƙwayoyin da kansa yana turara nama da hayaƙi har ya yi laushi. Ya gaya wa matarsa cewa zamanin gawayi ya wuce, mutanen gari ne kawai ba a sanar da su ba.

"Kai za ka sanar da su?" in ji Genoveva.

"Dole wani ya yi."

"Ka bari in cire labulen tsakar gida tukuna."

Ranar Alhamis ya ɗauki a-kori-kurarsa ya haye gadar kan iyaka zuwa Laredo ta Texas. A shagon, wani mai fara'a ya tarye shi.

"Mutum nawa ne a gidan, yallaɓai?"

"Goma sha huɗu. Amma manyan mutane ne."

Mai shago ya kai shi gaban wani inji mai girman akwatin tufafi. "Wannan zai ishe ku, har ku aika wa maƙwabta."

Baldomero ya zagaya shi sau ɗaya, zagayen bai ɗauke shi lokaci ba. "Wannan na gwauraye ne?"

"Na iyali ne."

"Iyalin wa? Kai, ni fa surukata za ta cika tamanin." Idonsa ya riga ya tafi ƙarshen shagon, inda wani baƙin shirgege ke tsaye a kan taya huɗu, da bututun hayaƙi biyu da murfi mai hannu kamar ƙofar motar haya. "Wancan fa?"

"Wancan na masu ciyar da kasuwar baje koli ne. Sa guda da rabi yake ɗauka."

"Ka gani? Ashe ka iya magana."

"Faɗin ƙofar gidan nawa ne?"

"Kai da ke sayar da murhu, ina ruwanka da ƙofar surukata?"

Mai shago ya ga cinikin ya fi shawarar riba, ya haƙura. Amma ya bi shi har mota da gargaɗi biyu. Na farko, wannan injin cikinsa babba ne, ya ɗauki buhu shida na ƙwayoyin katako. Na biyu, in ya rufe murfin kada ya buɗe, domin duk buɗewa ɗaya zafi ne ke gudu, a ƙara wa yunwa minti ashirin. Da aka ɗora injin, bayan motar bai bar wurin buhu shida ba. Buhu biyu suka shiga, a kujerar gaba. Baldomero ya ce wanda ya san wuta biyu sun ishe shi, ya ɗaura musu bel ɗin kujera, ya kamo hanya.

Da safiyar Juma'a aka sauke injin a ƙofar Doña Ninfa. Unguwa ta fito. Evaristo ya ciro tef ɗin awo daga aljihu, ya auna injin, ya auna ƙofar, ya sake aunawa don ladabi.

"Suruki, ya fi ƙofar da taƙi biyu."

"Lissafinka na aji ne. A duniya karkatawa ake yi."

Aka karkata. Maza shida suka tura, injin ya shiga har ƙugu ya tsaya. Aka tura, ya ƙi. Aka ja, ya ƙi. Doña Ninfa tana ciki, ta shirya za ta karɓo rigar bikinta wurin tela, ta fito ta tarar an toshe mata gida da baƙin ƙarfe. Ta leƙo ta taga.

"Baldomero, wannan akwatin gawa na wa?"

"Kyautar bikinki ce, Mama."

"Tamanin zan cika, ban ce zan tafi ba."

Sai da aka cire ƙofar da katakon jikinta da ɗan abin da ya biyo su na bango, sannan injin ya yarda ya koma titi. Awa biyu aka yi. A nan aka gano cewa ko da ya shiga, lungun da ke kai wa tsakar gida yana da kwana, kuma injin ba ya lanƙwasa. Evaristo ya san haka tun safe, amma ba a tambaye shi ba.

Saura hanya ɗaya. Maƙwabcin Doña Ninfa, Don Chon, mai kiwon zomaye, yana da faffaɗan get, kuma katanga ɗaya ce ta raba bayan gidansa da tsakar gidanta. Shi ya riƙe wa Baldomero ɗansa na fari ranar baftisma, don haka akwai nauyi a tsakani, har suna kiran juna compadre.

"Compadre, ɗan rami kawai za mu yi."

Don Chon ya dubi injin. "Wannan ɗan ramin, da shi ake shigar da tarakta. Kakana ya gina katangar nan."

"Zan gina maka wadda ta fi ta girma."

"Kada ka fara. Na ga abin da girma ya yi wa ƙofar Doña Ninfa." Ya sosa haɓa. "Ka fasa, amma ranar Lahadi da mu za a ci."

"Kai da matarka? Ai ku 'yan gida ne."

"Da danginta. Sun zo daga birnin Monterrey. Su goma sha ɗaya ne, kuma ba sa wasa da abinci."

Aka fasa katanga. Injin ya shiga tsakar gida da ƙasaita, ya cinye rabinta, ya karya reshe biyu na bishiyar lemo. Don a sami wurin juya shi, Baldomero ya kinkimi tsohon rabin duron Don Serapio ya wurga shi ta ramin, ya faɗi kusa da kejin zomaye. Doña Ninfa tana zaune a kujerarta tana kallo. 

Ranar Asabar Genoveva ta kawo naman da ta saya na mutum goma sha huɗu, yankan falle-falle irin wanda gidan ya saba. Baldomero ya ɗaga murfi ya jera shi a ciki don ya ga tsari. Naman ya kwanta a kusurwa ɗaya kamar takalmin jariri a tsakiyar coci.

"Wannan cin fuska ne," in ji shi.

"Ga wa? Ga naman ko ga injin?"

"Za a ce na sayi gida ban da kayan ɗaki."

Genoveva ta kwashe namanta ta mayar a firiji. "Wannan nawa ne. Ba ya hawa jirginka."

Baldomero ya tafi wurin mahauci. Ya sayi ƙirjin sa guda huɗu sukutum, da 'yan akuya biyu, da haƙarƙari mai tsawon benci. Mahauci ya tambaye shi ko soja za a ciyar. Ya ce a'a, ilimi za a ciyar, kuma duk mai son ganin yadda ake gashi a ƙasashen da suka ci gaba, ya zo ya gani. Haka ya faɗa a gidan mai, haka ya faɗa wurin wanzami. A Sabinas kuwa in ka ce wa mutum ya zo ya ga nama, ba da ido kaɗai yake zuwa ba.

Lahadi, ƙarfe shida na safe, ya jera naman, ya cika akwatin da ƙwayoyi, ya danna maɓalli. Injin ya yi ɗan gurnani. Littafin da ya zo da shi ya ce irin wannan nama awa goma sha biyu yake so. Baldomero ya karanta, ya yanke hukuncin cewa wannan lissafin ƙananan injuna ne, babba kuwa takwas sun ishe shi. Shida da takwas, biyu daidai. Ya ɗaura sabon gyauton aiki mai hoton kan bijimi a ƙirji, ya sa kujera, ya zauna jiran tarihi.

Don Chon ne ya fara ratsowa ta ramin katanga da kofin kofi a hannu.

"Compadre, ba ka hura ba tukuna?"

"Tun shida."

"Ina wutar?"

"Tana ciki."

"Wutar da ba a gani, ta yaya za a ba ta shawara?"

Wannan tambaya ba wasa ba ce. A garinmu namiji ba ya shiga gidan da ake gashi ya wuce wurin zama kai tsaye. Sai ya je gaban wuta ya gaishe da mai awartaki, ya dubi nama, ya ce gawayin ya yi yawa ko ya yi kaɗan, a ce masa haka ne, sannan a ce ya iso. Wanda aka hana shi ganin nama, kamar an hana shi hannu ne. Baldomero ya tuna gargaɗin mai shago sarai. Ya kuma dubi fuskar Don Chon, fuskar mutumin da bai yarda akwai komai a cikin akwatin ba.

"Sau ɗaya kawai," in ji shi, ya ɗaga murfi.

Hayaƙi ya tashi, zafi ya bi shi. Don Chon ya leƙa. "Kai. Da yawa."

"Sa guda da rabi yake ɗauka."

"Har yanzu ja ne."

"Haka ake so."

Wajen ƙarfe tara maza suka fara zuwa. Mahauci ya zo ganin inda namansa ya kwana. Wanzami ya zo da ƙanensa. Dangin matar Don Chon suka ratso ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zo, Baldomero ya tashi ya ɗaga masa murfi sau ɗaya kawai, ya yi masa bayanin bututu biyu da taya huɗu. Da ya shiga bayan gida, sai suka ga ai sun koyi yadda ake ɗagawa, suka riƙa yi wa junansu. Wani ya soka yatsa. Wani ya ce a juya. Wani ya ce kada a juya, aka sake buɗewa don a raba gardama.

Evaristo yana tsaye kusa da agogon zafin injin, hannu a baya.

"Suruki, allurar nan ƙasa take yi."

"Hutawa take."

"Sau talatin da ɗaya ke nan aka buɗe."

"Wa ya sa ka ƙirga?"

"Ba kowa. Ciwo ne, ba na iya bari."

Abin da ya fi damun mazan shi ne ba su san inda za su tsaya ba. Babu garwashi da za a kewaye, babu hayaƙin da zai bi mutum a yi masa dariya, babu ɗan gefen nama da za a yanka a ɗanɗana. Suka yi da'ira a gaban baƙin akwati, suka cire huluna saboda zafi, suka yi shiru. Wata maƙwabciya da ta leƙo ta ramin ta gicciye hannu a ƙirji ta tambaya yaushe aka yi rashin.

Mata suka fito da tulin tortiya. "Don Baldomero, ina za mu ɗumama?"

"Ba a ɗumama a nan."

"Barkonon miya fa, ina za a babbaka shi?"

"Wannan inji ba na ƙananan ayyuka ba ne."

"Manyan kuma yaushe zai fara?" in ji wata daga baya. Ba a gano ko wace ce ba.

Shi kuwa injin, duk zafin da ya gudu sai ya rama da ci. Buhun farko ya ƙare kafin goma. Na biyu ya bi shi sha biyu da rabi. Injin ya fara wani ɗan kuka, tit, tit, tit, kamar ɗan tsako da ya ɓata. Baldomero ya leƙa akwatin ƙwayoyi ya ga ƙarfe fes. Lahadi ce. Babu mai sayar da ƙwayar katako a Sabinas ko ranar Litinin, balle yau. Laredo kuwa awa biyu ce zuwa, biyu dawowa, ban da layin gada. A tsakar gida akwai mutum wajen saba'in, yawancinsu sun ƙi karyawa da gangan.

Ya share gumi. A nan ne idonsa ya ratsa ramin katanga ya sauka a kan wasu buhuna da ke jingine kusa da keji. Ɗaya a buɗe yake. Abin da ke ciki ƙwaya-ƙwaya ne, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Launin ne kawai ya ɗan yi kore.

Ya jawo Don Chon gefe. "Compadre, mene ne wancan?"

"Abincin zomayena."

"Da me ake yin sa?"

"Ciyawa da dusa. Da wani abu mai zaƙi da ke haɗa su."

"Ciyawa ai itace ce da ba ta samu girma ba."

Don Chon ya juya maganar a kansa, bai sami inda zai kama ta ba. "Sai ka mayar mini da buhu."

"Biyu zan mayar."

"Ɗaya. Na roƙe ka, ka daina ƙara abubuwa."

Evaristo ya ji. Ya matso ya ce a hankali, "Suruki, ni dai da na—"

"Kai dai da ka hura gawayi, na sani. Ranar taka na zuwa, in an yi bikin cika ɗari."

Ƙarfe ɗaya, daidai lokacin da jama'a suka juya suna gaishe da Doña Ninfa da ta dawo daga coci cikin sabuwar riga, Baldomero ya saɓo buhun ya ratso ramin a sunkuye, ya juye shi a akwatin. Ya tabbata babu wanda ya gan shi. Genoveva tana tagar kicin tana yanka tumatir. Ta ajiye wuƙar.

Injin ya daina kuka. Allura ta ɗan ɗaga kai. Baldomero ya gyara gyautonsa ya sanar da cewa yanzu aka shiga mataki na ƙarshe, wanda ke da sirri a ciki, kuma daga yanzu duk wanda ya taɓa murfi ba zai ci ba. Wannan ne karo na farko a ranar da aka bi umarnin mai shago.

Ɗaya da rabi hayaƙin ya canza. Ya yi kauri, ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya ƙi tashi sama, sai ya riƙa zagaya mutane a daidai hanci. Wanzami ya ce kamar an ƙona katifar ciyawa. Mahauci ya ce a'a, kamar an ƙona ta bayan jaki ya kwana a kai. A can cikin keji, zomaye suka miƙe da ƙafa biyu suna kallon bututun kamar waɗanda aka yi wa fashi da rana.

"Ƙanshin Texas ke nan," in ji Baldomero. "Sai hanci ya saba."

"Nawa ya tsufa," in ji Doña Ninfa.

Injin ya yi tari. Ya sake yi. Wani abu a cikinsa ya yi ƙara kamar haƙori a kan tsakuwa, fankarsa ta ja dogon numfashi, sannan komai ya yi tsit. Baldomero ya ce ya gama ne, shi ya sa.

Biyu saura minti biyar, aka sa wa Doña Ninfa teburi a gindin lemo. Ta zauna, ta shimfiɗa ƙyalle a cinya, ta ajiye agogon marigayi kusa da farantinta. Jama'a suka matso. Baldomero ya tsaya gaban injin ya gyara murya.

"Mama, 'yan uwa, maƙwabta, da waɗanda ban sani ba. Shekara hamsin gidan nan yana cin nama yadda kakanni suka ci. Ba laifinsu ba ne, abin da suka samu ke nan. Yau kuwa—"

"Saura huɗu," in ji Doña Ninfa.

Ya ɗaga murfi da hannu biyu.

Layin gaba ya ja baya, ya taka na biyu. Da hayaƙin ya lafa, sai ga nama kwance, toka-toka, da wani kore-kore mai danƙo a bayansa. 'Yan akuyan sun fi kama da waɗanda aka tsamo daga rijiya. Mahauci, wanda aikinsa ne, ya toshe hanci ya zaro wuƙa ya tsaga ƙirji ɗaya. Ciki ja wur.

"Don Baldomero, in ka kai shi wurin likitan dabbobi yanzu, akwai fata."

"Haka launinsa yake. Ba ku saba ba ne."

Ƙanwar matar Don Chon ta shinshina ta ce, "Chon, ba warin bayan gidanka ba ne wannan?"

"Abincin zomayena ne," in ji Don Chon, wanda bai iya ƙarya da yunwa ba. "Buhu guda. Ya ce ciyawa itace ce."

Ba a yi dariya nan take ba. Mutanenmu suna da ladabi. Sai da wanzami ya tambaya ko za a ba su ganyen latas su haɗa da shi, sannan tsakar gidan ta ɓarke.

Baldomero bai karaya ba. Ya ga cewa in ya sauke awartakin da hannunsa ya ciro ko da ɗan gefe ya sa a farantin tsohuwa kafin biyu, magana ta ƙare, tunda ba ta ce sai ta haɗiye ba. Ya juya ga bishiyar lemo ya miƙa hannu.

Ƙusa ce kaɗai.

A lokacin ne iska ta juya, ta kawo wani ƙanshi ta ramin katanga, ƙanshin da duk wanda ke wurin ya sani tun yana goye: kitse a kan garwashin mezkite. Kawuna saba'in suka juya tare. Genoveva ta ratso ramin, faranti a hannun hagu, awartakin mahaifinta a dama, an goge tsatsarsa. A bayanta, kusa da keji, rabin duron yana tsaye a kan bulo huɗu na katangar da aka fasa, yana aikin da ya saba.

Ta ajiye wa uwarta nama uku falle-falle, da tortiya mai zafi, da barkono babbakakke. Doña Ninfa ta naɗe, ta gatsa, ta tauna a natse, ta dubi agogo.

"Biyu," in ji ta.

"Tun yaushe kika hura?" in ji Baldomero.

"Tun da na ga mijina yana satar abincin zomo."

"Aro ne." Ya juya ga tsohuwa. "Mama, ai maganar tsakanin surukai ce."

"Wa ya ce? Na ce wanda ya ciyar da ni."

"Amma mace a kan wutar Lahadi, Mama? Me Don Serapio zai ce?"

Doña Ninfa ta goge baki. "Shekara goman ƙarshe, Serapio ba ya ganin nama, inuwarsa kawai yake gani. Wa kake tsammani ke tsaye a kafaɗarsa tana cewa, juya, Baba, sauke, Baba? Kai kana can kana ba mutane labarin taya." Ta dubi ɗayan surukin. "Kai kuma, Evaristo, ka iya, na sani. Amma mutumin da zai ga ana zuba ciyawa a abincina ya tsaya ƙirga, ya ci gaba da ƙirga."

Evaristo ya ce, "To."

Jama'a suka bi ta ramin kamar an buɗe musu dam. Genoveva ta sa mahauci ya fere koren bayan manyan naman ya zubar, ya yanka cikin falle-falle, tunda abin da injin ya yi masa bai wuce fata ba. Ta riƙa gasawa tana saukewa, ana ci a tsaye. Maza suka sami wutar da za su kewaye. Wanzami ya ce gawayin ya yi yawa, ta ce haka ne. Mahauci ya ce ya yi kaɗan, ta ce haka ne.

Baldomero ya daɗe shi kaɗai a gefen injinsa. Daga baya ya ratso, ya tsaya a bayan matarsa da gyautonsa mai kan bijimi.

"Geno, mutane suna kallo. Ki ba ni wani abu in riƙe."

Ta dube shi. Shekara ashirin da shida suna tare, kuma ba mugu ba ne. Ta raba albasa biyu, ta soka rabi a cokali mai yatsu, ta miƙa masa. A wurinmu da rabin albasa ake goge ragar ƙarfe kafin a ɗora sabon nama. Aiki ne da akan ba baƙon da ba a san me za a yi da shi ba.

"Duk na sauke, ka goge."

Ya karɓa. Kafin yamma an ji shi yana gaya wa dangin Monterrey cewa duk daɗin naman daga gugar yake, kuma ba kowane hannu ne ya san kwanar da ake riƙe albasa ba.

Da sassafen Litinin Don Chon ya kira magini ya toshe katangarsa, daidai tsawonta na da, bai tambayi kowa ko akwai abin da za a fitar ba. Injin yana nan a tsakar gidan Doña Ninfa har yau. Tana ajiye barguna a ciki da rani. Ta ce bai taɓa barin asu ya shiga ba, kuma har yanzu akwai wurin wasu.

Lahadin da ta biyo, Genoveva ta hura wuta, mutum goma sha uku suka hallara, saura Baldomero. Sai can ya shigo yana haki, rungume da wani abu a ƙyalle. Ya ce tun asuba ya tafi babbar kasuwar Monterrey, ya bi rumfa-rumfa, domin aiki irin nasa ba ya yiwuwa da kayan gwauraye. Ya kwance ƙyallen a kan teburi. Albasa ce, mai girman kan yaro.

Genoveva ta dubi albasar, ta dubi ɗan cokalin da za a soka ta a kai.

Evaristo ya matso. Ya sa hannu a aljihu ya ciro tef ɗin awonsa.